Ƙara wa gajeren wandon gudu tsawo: a ina ake tsaga takardar?

Tambaya: Na samu takardar yankan gajeren wandon gudu, irin mai zagayayyen bakin ƙafa da tsaga a gefe, da shafi a ciki. Na ɗinka guda ɗaya, ya zauna mini daidai a ƙugu, amma ya yi gajarta: cikin ƙafarsa inci 3 ne, ni kuwa inci 5 nake so. In ƙara yadi a bakin ƙafa kawai, ko akwai wata hanya? Kuma wane yadi da wace allura suka dace?

Amsa: Kada ka ƙara a bakin ƙafa. Wando mai zagayayyen baki irin wanda ka kwatanta, a tsakiyar cinya ake tsaga takardarsa a buɗa, a bar bakin yadda aka zana shi. Sai dai kafin ka ɗauki almakashi ka tabbatar da inda gajartar take, domin tsawo iri biyu ne a jikin wando, kuma sau da yawa wanda ake zargi ba shi ne ya gaza ba.

Akwai tsawon cikin ƙafa, wato daga ɗinkin hantsa a gangaro ta cikin cinya zuwa bakin ƙafa. Shi ne lambar da kamfanoni ke rubutawa a jikin wandunan gudu: inci 3, inci 5, inci 7, wato wajen santimita 7.5 da 12.5 da 18. Akwai kuma zurfin wando, daga bakin ƙugu zuwa hantsa. Idan zurfin ya yi kaɗan, duk sa'ad da ka ɗaga ƙafa hantsar za ta ja yadin cinya sama, wandon ya tattare a matsematsi, kai kuwa ka ga kamar ƙafar ce ta gaza. Ko inci 3 ka ƙara wa ƙafar irin wannan wando ba zai daina hawa ba, sai dai yadin da zai cure a tsakanin cinyoyinka ya ƙaru.

Gane bambancin ba wuya. Sa wanda ka riga ka ɗinka, ka daidaita robar a inda kake son ta zauna, ka ɗaga gwiwa ɗaya har ta kai saitin kwankwaso, ka sauke, ka ɗaga ɗayar, sannan ka tsuguna. In ƙugun baya ya zame ƙasa, ko ka ji hantsar ta kama ka, matsalar zurfi ce, kuma ita za ka fara gyarawa. In ƙugu ya tsaya cak, hantsa ba ta takura ka ba, cinyar ce kawai ta fito fiye da yadda kake so, to ƙafa za a ƙara.

Lissafin kansa yana da tarko. Yawancin takardun yanka sun haɗa da rarar ɗinki da ta kalmasa, don haka abin da tef ya ba ka daga baki zuwa baki ba shi ne tsawon wandon ba. Duba bayanin da ya zo da takardar ka ga nawa aka bari. A kayan motsa jiki galibi santimita 1 ne, wani lokaci milimita 6 in an zana ta don keken wibin, wato keken da ke ɗinke bakin yadi don kada ya zare, wasu kuma santimita 1.5. Zana layin ɗinkin da fensir a cikin takardar, ka auna a kansa. Misali, cikin ƙafa ya ba ka santimita 9.5 daga baki zuwa baki, an bar 1 a hantsa, an bar 1 a kalmasa: tsawon gaskiya 7.5 ke nan. Kana son 12.5, ƙarin da za ka yi santimita 5 ne. In a jikinka kake auna inda kake son bakin ya tsaya, ka tuna hantsar sakakken wando ba ta manne da jiki, tana lilo da santimita 1 zuwa 2 a ƙasa. Wanda ya auna 14 daga matsematsi, cikin ƙafar da yake buƙata bai wuce 12 zuwa 13 ba. Ya fi sauƙi ka shimfiɗa wani wando da tsawonsa ya yi maka, ka auna cikin ƙafarsa.

In kai ka buga takardar a firinta, auna ɗan murabba'in gwaji da ke shafin farko kafin komai. In an rubuta santimita 10 ka samu 9.7, firintar ta rage girman don ya shiga shafi. Ragin kashi 3 cikin 100 ba ya ganuwa a ido, amma a zagayen kwankwaso mai santimita 100, uku sun tafi, zurfin ma ya ragu. Sake bugawa a cikakken girma.

Yanzu aikin. Kwafe gaba da baya a wata takarda, ka adana ta asali, ka kwashe duk alamomin haɗi da layin tsaye, wato doguwar kibiyar da ke nuna yadda za a jera takarda da tsawon yadi. Ja kibiyar nan da rula har ta kai sama da ƙasan takardar, domin bayan ka yanka ita kaɗai za ta nuna maka ko ɓangarorin biyu suna kan saiti. In akwai layin ƙari da ragi da mai zanen ya sa a cinya, yi amfani da shi. In babu, zana naka: ya ratsa ƙafar daga ɗinkin ciki zuwa ɗinkin gefe, ya gicciye kibiyar a kusurwa 90 daidai, ya zama aƙalla santimita 2 ƙasa da ƙarshen hantsa, kuma sama da inda bakin ƙafa ya fara lanƙwasa. Nisan layin daga ƙarshen hantsa ya zama ɗaya a gaba da baya.

Yanke a kan layin. Ɗauko wata takarda ka ja layi biyu a jere, tsakaninsu santimita 5, da layi na uku da ya gicciye su a tsaye. Manna ɓangaren sama a kan layin farko, kibiyarsa a kan na tsaye, sannan ɓangaren ƙasa a kan layi na biyu, shi ma kibiyarsa a kan na tsaye. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne daidaita ɓangarorin ta gefe ɗaya, a ce ɗinkin gefe ya miƙe, a manta da kibiya. Ɓangaren ƙasa ya goce da rabin santimita kawai, in an ɗinka sai ka ga ƙafar tana murɗewa, ɗinkin gefe yana lekowa gaba.

Idan ka manna, za ka ga gefunan ba su haɗu sumul ba, akwai ɗan tudu ko rami a inda aka buɗa. Kada ka haɗa su da gajeren layi a cikin gurbin kawai. Fara sabon layi daga santimita 4 ko 5 sama da gurbin, ka ƙare shi santimita 4 ko 5 a ƙasa, ka raba bambancin: ɗan aski a wannan gefe, ɗan ciko a wancan. A cikin ƙafa wurin bai kai haka ba, sai ka ja layin daga ƙarshen hantsa har bakin ƙafa a tafi ɗaya, da ɗan lanƙwasa ciki kaɗan kamar yadda na asali yake. Daga nan ɗora gaba a kan baya, layin ɗinki a kan layin ɗinki, ka bi su da yatsa daga sama zuwa ƙasa ka ga ko tsawonsu ya zo ɗaya. Wasu masu zane suna rage cikin ƙafar baya da 'yan milimita da gangan, don a ja shi wajen ɗinki ya kwanta a ƙarƙashin ɗuwawu. In ka ga haka a takardar asali, bar bambancin yadda yake. Abu na ƙarshe, haɗa gaba da baya a cikin ƙafa kamar an ɗinke su, ka dubi bakin ƙafar: ya wuce sumul, ba tsini ba lotsawa. In ya yi tsini, gyara kusurwar kowanne ta koma 90 a santimita ɗaya ko biyu na ƙarshe.

Dalilin da ya sa na hana ka ƙari a baki biyu ne. Lanƙwasar bakin an zana ta ne ta haɗu da tsagar gefe a wani wuri takamaimai, kuma zana ta da hannu sau biyu, gaba da baya, su dace da juna, aiki ne mai wuya a kan abin da ba dole ba. Na biyu, ƙafar wandon gudu tana buɗewa ne tana gangarowa. In ka bi gefunanta ka zarce da santimita 5, kowane gefe ya ƙara faɗi, ka tashi da baki mai filfilwa kamar siket.

Akwai wando mai gajarta sosai, cikin ƙafarsa inci 1 ko 2, wanda lanƙwasar gefensa ta fara tun sama da saitin hantsa, babu inda miƙaƙƙen layi zai ratsa. A nan zamewa ake yi. Shimfiɗa takardar a kan wata sabuwa, ka zana ƙugu da hantsa da saman gefe, sannan ka zame ta ƙasa a kan layin kibiya gwargwadon ƙarin, ka zana bakin ƙafa, ka haɗa gefunan. Sakamakon ɗaya ne da tsagawa.

Ragi kuma ninki ne a kan wancan layin. Abin kiyayewa kawai, ninki yana cin zurfinsa sau biyu: in santimita 4 za ka cire, zurfin ninkin 2 ne. Wandon da bakinsa miƙaƙƙe ne, ƙafarsa kuma ba ta buɗe ba ta tsuke, shi kam ana iya ƙara masa ko rage masa a baki kai tsaye in abin bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Sai dai ka naɗe takardar a kan layin kalmasa kafin ka yanke gefunan, don rarar kalmasar ta ɗauki siffar ƙafar. In ba haka ba, wajen kalmashewa za ka tarar rarar ta fi ƙafar faɗi ko ta gaza, ɗinkin ya tattare.

Duk lokacin da tsawo ya canja, bakin ƙafa ya koma wani wuri dabam a cinya, don haka faɗinsa ma sai an sake dubawa. Ɗora ƙafarka a kan kujera don naman cinya ya kumbura yadda yake yi a gudu, ka auna zagayenta a inda sabon bakin zai tsaya. A takarda, haɗa faɗin bakin gaba da na baya, ka cire rarar ɗinki huɗu. A yadin da ba ya miƙewa, in babu tsaga, bakin ya fi cinya da aƙalla santimita 8 zuwa 10. Masu ragi su ne suka fi faɗawa wannan rami, domin ninki yana ɗago matsattsen baki zuwa inda cinya ta fi kauri. Masu ƙari kuma, in ƙarin ya haura santimita 8 zuwa 10, bakin ya sauko inda cinya ta fara sirancewa, sai a tsuke kowane gefe da santimita 1 zuwa 1.5, a raba ƙarin a layi biyu. A ganina, wanda yake son wando ya kusa gwiwa gara ya nemi takardar da aka zana don wannan tsawon. Ja wa wandon inci 3 tsawo har inci 9 sake zane ne, ba gyara ba.

Tsagar gefe tana buƙatar shawara. Da ka buɗa takarda a sama da ita, tsagar gaba ɗaya ta sauka ƙasa da santimita 5, rufaffen ɗinkin gefe ya ƙara tsawo. In rufe cinya kake nema, shi ke nan, ka samu. Amma tsagar ba ado ba ce, ita ke ba cinya hanya in gwiwa ta tashi. Yadin da ba ya miƙewa, in ya yi tsawo kuma tsagarsa ta yi ƙasa, zai riƙa kama gaban cinya a kowane taki. Hanyar tsakiya ita ce ka mayar da kan tsagar sama da rabin abin da ka ƙara, a nan santimita 2.5, ka sake zana saman lanƙwasar ta kai wurin. A kan tsagar kuma dole a yi ɗinkin ƙarfafawa, zigzag mai faɗin milimita 2 da taki ƙanƙane, tsawon santimita 1 a gicciye, domin nan ne wurin da ya fi saurin yagewa.

Sauran sassa su bi sahu. In akwai ƙyallen gefe tsakanin gaba da baya, a buɗa shi a saiti ɗaya, da adadi ɗaya. In akwai dogon ƙyallen hantsa wanda ya tashi daga bakin wannan ƙafa ya ratsa zuwa bakin waccan, ƙarinsa biyu ne: santimita 5 a kowane ɓangare, 10 ke nan, kuma ba a tsakiyarsa ake buɗawa ba, don tsakiyar ita ce mai faɗin da ke zama a hantsa. In ka ɗaga tsaga, bayas ɗin da za a naɗe baki da shi, wato siririn ƙyallen da aka yanka a karkace, ya ƙara tsawo, sai ka tsayar da tef a kan gefensa ka bi lanƙwasar ka auna. Shafi irin na kamfai ba ruwansa da tsawon ƙafa, kada ka taɓa shi. Shafi mai ƙafa, irin matsattsen da ke kama cinya, shi ana buɗa shi kamar na waje, amma ka tsuke bakinsa ya bi cinyar, in ba haka ba zai saki ya naɗe sama.

In gwajin farko ya nuna zurfi ne ya gaza, layin yanka yana sama, a saitin kwankwaso, tsakanin ƙugu da inda hantsa ta fara lanƙwasa. Zauna a kan kujera mai tauri, ka auna ta gefe daga inda roba ke zama zuwa kan kujerar, ka ƙara santimita 1.5 zuwa 2 na sakewa, ka gwada da takarda. In gaba da baya duka sun gaza, buɗa su daidai wa daida. In baya ne kawai ke zamewa, kuma bakin ƙafar baya ya fi na gaba ɗagewa, mai wandon yana da cikar ɗuwawu ne. Tsaga takardar baya daga ɗinkin tsakiya zuwa gefe, ka bar ɗan maƙali a layin ɗinkin gefe, ka buɗa ta tsakiya da santimita 1.5 zuwa 2.5, ka gyara layin tsakiyar ya tafi sumul. Gefe bai canja ba, don haka gaba ba ya buƙatar komai. A wannan gyaran shafi ma sai an yi masa irinsa, aljihun da ke rataye daga ƙugu shi ma a duba shi.

Batun yadi. Sakakken wandon gudu yana son saƙaƙƙen poliyesta ko nailan mara nauyi, giram 70 zuwa 120 a murabba'in mita. Wanda aka sa wa zaren roba, ilasten ko Lycra, wajen kashi 10 cikin 100, ya fi daɗin sawa, kuma yana yafe ƙananan kurakuran awo. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta yi nauyi, ta goge cinya, ka bar ta. Shafi kuwa yadin jesi mai miƙewa ta kowane ɓangare, ko raga mai laushi. A yadi mai faɗin santimita 150, santimita 70 zuwa mita 1 ya isa na waje, rabin mita na shafi. Kada ka ɗauki takardar da aka zana don yadi mai miƙewa ka yanka mara miƙewa da ita. Takardar yadi mai miƙewa an yi ta ƙasa da awon jiki don ta kama, ta mara miƙewa kuwa tana da sakewar santimita 8 zuwa 12 a kwankwaso. Wanke yadin ka shanya kafin yanka.

Allura siririya mai kaifin baki, lamba 70/10, ita ce ta saƙaƙƙen yadi mai santsi. Na jesi mai roba yana son allurar yadi mai miƙewa, lamba 75/11, wadda bakinta ke ratsa tsakanin zare ba ta yanke shi. In keke yana tsallake taki a kan shafi, allura ce, sauya ta kafin ka taɓa komai. Zare poliyesta sama da ƙasa. A na waje, miƙaƙƙen ɗinki mai takin milimita 2.5, a bi bakin da wibin ko zigzag, domin nailan yana zarewa da wuri. A shafi kada ka yi miƙaƙƙen ɗinki, zai tsinke ranar farko. Yi wibin mai zare huɗu, ko siririn zigzag, faɗi milimita 1 zuwa 1.5, taki 2.5. In ɗinkin na waje yana tattarewa, sassauta zaren sama kaɗan, ka riƙe yadin gaba da baya ya ɗan miƙe yana wucewa, ba tare da ka ja shi ba. In keke yana haɗiye yadin a farkon ɗinki, sa 'yar takarda mara kauri a ƙarƙashi, ka yage ta daga baya.

Irin wannan yadi yana da santsi, in an ninka shi biyu na ƙasa yakan zame, shi ya sa ake samun ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Yanka shi falle ɗaya, ka danne takardar da abu mai nauyi, ka tuna kifa ta a yanka na biyu don kada ka tashi da ƙafar dama biyu. Fil yana barin huda a nailan, ka soka shi a cikin rarar ɗinki kawai. Dutsen guga a mafi ƙarancin zafi, ɗigo ɗaya, wajen digiri 110, da ƙyalle a tsakani.

A wando mai zagayayyen baki jerin ɗinkin ya saba da na sauran wanduna, domin kalmasa tana zuwa kafin gefe. Haɗa cikin ƙafa na kowane ɓangare, sannan ka kalmashe bakin tun yana shimfiɗe, daga kan tsagar gaba har kan ta baya. Don lanƙwasa ta kwanta, fara bin bakin da ɗinki ɗaya a milimita 5 daga gefe, ka naɗe a kan wannan ɗinkin, ka sake naɗewa, ka ɗinke. Siririyar kalmasa ce kawai ke bin lanƙwasa, mai faɗin santimita 2 tattarewa za ta yi. Wanda bai saba ba ya yi wibin ya naɗe sau ɗaya, ko ya naɗe bakin da bayas mai faɗin santimita 3. Bayan haka a rufe gefe, ko a ɗora gaba a kan baya in haka aka zana shi. Juya ƙafa ɗaya, ka zura ta cikin ɗayar fuska da fuska, ka ɗinke hantsa daga gaba zuwa baya a tafi ɗaya, ka maimaita ɗinki a kan lanƙwasar. Rarar ɗinkin cikin cinya ka kwantar da ita baya ka bi ta da ɗinki ta sama, don kada ta tsaya tana gugar fata. Haɗa shafi daban, ka sa wa bakin ƙafarsa siririyar roba mai faɗin milimita 6 zuwa 10, tsawonta kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na zagayen bakin, sannan ka zura shi cikin wandon ka kama su tare a ƙugu.

Robar ƙugu mai faɗin santimita 3 zuwa 4 ta fi siririya zama, ba ta murɗewa. Zagaya ta a jikinka ka ja har ta kama ba ta matse ba, galibi tana zuwa kashi 90 cikin 100 na awon ƙugu, ka ƙara santimita 2 na haɗi. In za ka bi ta da layukan ɗinki ta sama, rage wasu santimita 2, domin kowane layi yana kashe mata ƙarfi ta saki. Ƙubaka ta fi robar faɗi da rabin santimita. Raba roba gida huɗu, raba ƙugun wando gida huɗu, ka haɗa alama da alama, ka ja robar kaɗai tana shiga keke, taki milimita 3 zuwa 3.5. In za ka sa zariya, yi ramukanta biyu a tsakiyar gaba tun kafin ka rufe ƙubaka, da ɗan ƙyallen ƙarfafawa a bayansu, tsawon zariyar kuma awon ƙugu da ƙarin santimita 35 zuwa 40. A yadin da ba ya miƙewa, tabbatar bakin ƙugun, kafin roba ta tattara shi, ya fi kwankwasonka faɗi da santimita 2 ko 3, in ba haka ba wandon ba zai shige ba.

Tunda ka canja tsawo da tsaga a lokaci guda, yi na gwaji da yadi mai araha wanda nauyinsa da miƙewarsa suka yi kusa da na gaske. Sa masa robarsa ta gaskiya, domin inda ƙugu ya zauna shi ke yanke inda baki zai tsaya, kuma wandon da aka riƙe da hannu ko fil ƙarya yake yi. Kada ka yanke hukunci a tsaye gaban madubi. Yi gudu a wuri ɗaya na minti biyu kana ɗaga gwiwa sosai, ka tsaya ba tare da ka gyara komai ba, ka dubi inda bakin ya koma. Wannan shi ne tsawon wandon a kan hanya, kuma yakan fi na tsaye gajarta.

In bayan duk wannan cikin ƙafa yana hawa alhali zurfi ya isa, duba abu biyu. Ko dai ƙarshen hantsar baya ya yi gajarta, cinya ba ta samu wuri ba, sai a ƙara masa santimita 1 zuwa 1.5 waje, a haɗa layin da cikin ƙafa. Ko kuma cinyoyin suna gugar juna, bakin ya tsaya daidai inda suke haɗuwa, kowane taki yana tura yadin sama. Wannan na biyun ƙarin tsawon na waje ba ya magance shi sosai. Maganinsa matsattsen shafi mai ƙafa, cikin ƙafarsa santimita 15 zuwa 20, wanda ya wuce inda cinyoyin ke haɗuwa, a yanka bakinsa ƙasa da zagayen cinya da kashi 10 cikin 100, a kalmashe da zigzag ko allura biyu. In har yanzu yana naɗewa, a sa masa roba mai ɗigon silikon ta ciki.